LITTAFIN YINI: HANYAR TAIMAKA WA YARO MAI OTIZIM YA BUƊE BAKI A GIDA

A kusan kowace unguwa ba a rasa gidan da ke da yaron da ya kai shekara uku ko huɗu, ko ma fiye, amma bakinsa bai buɗe ba. Kunnensa kuwa garau, domin da zarar an kwance ledar alewa a ɗaka zai jiyo daga zaure, amma a kira sunansa sau goma ba zai waiwayo ba. Idan yana son ruwa sai ya kama hannun uwarsa ya ja ta har gaban randa, ba tare da ya dubi fuskarta ba. Yakan daɗe yana jera murafen kwalba a layi ɗaya, ko yana juya tayar keke, kuma in aka taɓa masa jerin nan, ko aka tada injin niƙa a maƙwabta, sai ya toshe kunne ya yi ta ihu. Wani kuma yana magana, sai dai maimaici ce zalla: ka ce masa "kana son fura?" ya mayar maka da "kana son fura?"

Jama'a sun ba irin wannan hali sunaye barkatai. Wasu su ce kurumta ce, wasu su ce shafar aljanu, wasu su ce sammu aka yi wa uwar, wasu kuma su ce sangarta ce kurum, bulala ce maganinta. Ta haka ake ƙarar da dukiya wajen masu hayaƙi da turare, ta haka ake kulle yaro a ɗaka don gudun bakin mutane, wani lokacin ma aure ya mutu a kan abin da ba laifin kowa ba ne. Likitoci suna kiran wannan hali otizim. Manufar wannan rubutu ita ce bayyana wa iyaye wata hanya mai sauƙin kuɗi, wadda kaye ɗaya da fensir suka ishe ta, domin taimaka wa irin wannan yaro ya ƙara fahimtar magana, ya kuma ƙara furta ta.

MENE NE OTIZIM?

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, wanda ke shafar mu'amalarsa da mutane, da maganarsa, da yadda yake jin ƙara ko haske ko taɓi, yana kuma sa shi naci a kan abu ɗaya da ƙin canjin tsari. A shekarar 1943 ne wani likitan yara a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo ta Amurka, mai suna Leo Kanner, ya buga bayanin yara 11 masu wannan hali, maza 8 da mata 3. Shekara ɗaya bayan haka, wato 1944, Hans Asperger ya buga nasa bayanin a birnin Biyana na Ostiriya. Daga baya, musamman bayan aikin Lorna Wing da Judith Gould a Landan cikin 1979, aka gane cewa abin hawa-hawa ne: akwai wanda ba ya magana ko kaɗan, akwai kuma wanda zai yi digiri amma zama cikin jama'a ya gagare shi.

A bayaninta na shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin kowane 100 yana da otizim, kuma an fi gano shi a jikin maza fiye da mata. Masu cewa ciwon Turawa ne su sani tun a 1978 wani mai bincike, Victor Lotter, ya ba da rahoton samun irin waɗannan yara a ƙasashen Afirka, bayan ya duba yara a ƙasashe da dama har da Gana da Nijeriya. A ƙarshen 2007 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara domin wayar da kan jama'a a kansa.

BA LAIFIN UWA BA NE

Ɗora wa uwa laifi ba a kanmu aka fara ba. A Amurka da Turai ma an shafe shekaru ana cewa rashin nuna ƙauna daga uwa ne ke jawo otizim. Binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka buga a 1977, inda suka duba tagwaye 21, shi ya fara nuna cewa gado yana da babban hannu a ciki, kuma binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa haka. Haka nan zancen cewa allurar rigakafi ce ke kawo shi, ya samo asali ne daga wata takarda da aka buga a Ingila a 1998, wadda mujallar da ta buga ta ta janye a 2010 bayan an tabbatar da rashin gaskiya a cikinta, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance ta. Saboda haka kada uwa ta zauna tana zargin kanta, kada kuma a hana ƙannen yaro rigakafin ƙyanda.

Abu na farko da ya kamata iyaye su yi shi ne kai yaro asibiti a auna jinsa, a kuma duba shi. Yaron da ya cika shekara ɗaya ba ya gwalantu kuma ba ya nuna abu da yatsa, ko ya kai wata 16 ba kalma ko ɗaya, ko shekara biyu bai haɗa kalmomi biyu ba, ko ya fara magana sa'an nan ta ɗauke, duk ya cancanci ganin likita. Amma mun sani ƙwararru masu koyar da magana ba su da yawa a ƙasashenmu, kuma ɗan abin da ke akwai yana manyan birane. Mutumin ƙauyen Maraɗi ko Damagaram ba zai iya zarya kowane mako ba. To, a nan ne aikin gida ya zama dole.

ME YA SA LITTAFI?

Magana iska ce, ana furta ta ta wuce. Yaro mai otizim sau da yawa yana buƙatar lokaci kafin ya tauna abin da ya ji, kafin ya gama kuwa an yi jimla uku a gaba. Hoto da rubutu suna nan zaune a kan takarda, zai dube su yau, ya sake dubawa gobe, bai tarar sun canza ba. Temple Grandin, wata Ba'amurkiya mai otizim da aka haifa a 1947, wadda ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara uku, daga baya ta zama farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado, ta bayyana a littafinta na 1995 cewa da hotuna take tunani. Ba dukkan masu otizim ne haka ba, amma da yawa daga cikinsu ido ya fi kunne yi musu aiki.

Malaman makaranta sun daɗe da sanin wani abu kuma, wato yaro ya fi saurin riƙe kalmar da ta fito daga rayuwarsa. Sylvia Ashton-Warner, wata malama da ta koyar da ƴaƴan ƙabilar Mawori a Niyu Zilan, ta bayyana a littafinta na 1963 yadda take tambayar kowane yaro kalmar da yake so, ta rubuta masa a kati, ya kuwa riƙe ta fiye da kalmomin littafin gwamnati. A 1985 Andy Bondy da Lori Frost suka fara tsarin da yaro marar magana zai miƙa hoton abin da yake so a ba shi, a jihar Dalawa ta Amurka. A farkon shekarun 1990 kuma wata malama a Mishigan, Carol Gray, ta fito da dabarar rubuta wa yaro gajeren labari game da abin da zai fuskanta, domin ya san abin da ke tafe. Littafin yini ya ɗebo daga waɗannan dabaru duka.

Shin iyaye da kansu za su iya kawo canji? An gwada wannan a Ingila a kan yara 152 masu shekara biyu zuwa huɗu, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Jonathan Green na Jami'ar Manchesta, aka buga sakamakon a 2010. An koya wa iyaye su lura da abin da hankalin yaro ke kai, su bi shi, su rage ba da umurni. Yaran sun ƙara yawan neman hulɗa da iyayensu da kansu. Da aka sake duba su bayan kimanin shekara shida, a rahoton 2016, alamomin otizim sun fi sauƙi a jikinsu idan aka gwada da sauran, ko da yake makinsu a jarrabawar harshe bai bambanta ba sosai. An kuma gwada irin wannan tsari a Gowa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan a kan yara 65, inda ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba ne suka horar da iyaye, aka ga irin wannan ƙaruwar hulɗa. Darasin a nan shi ne, yadda uwa ko uba ke zama da yaro a gaban littafin ya fi littafin kansa muhimmanci.

KAYAN AIKI DA YADDA AKE YI

A nemi kaye mai kauri, da fensir, da fensiran launi in da hali, da ɗan ƙaro ko kokon rogo na liƙi. A bangon kayen a rubuta sunan yaro da manyan baƙaƙe, in akwai hotonsa a manna. A zaɓi lokaci ɗaya da wuri ɗaya kullum, alal misali bayan la'asar a kan tabarma ɗaya, nesa da rediyo da talabijin. Minti biyar zuwa goma sun isa, kuma a tashi tun yaro bai gaji ba.

Kowace rana shafi ɗaya, kowane shafi abu ɗaya. A sama a rubuta sunan ranar. A tsakiya a sa abin da ya faru da yaron a yinin nan, kuma ya kasance abin da ya ja hankalinsa shi, ko da a wajen babba ba wani abu ba ne. In an je biki amma shi abin da ya tsaya kallo shi ne akuyar da aka ɗaure a ƙofar gida, to, akuya ce labarin ranar. Ba a buƙatar gwanintar zane, da'ira da ƙafafu huɗu da ƙaho sun wadatar. Abin da ya fi zane ma shi ne a manna ainihin abin: takardar alewar da ya sha, ganyen da ya tsinko, gashin zabon da ya tsinta, kwalin shayi, tikitin mota. Mai wayar salula yana iya ɗaukar hoto da rana, da yamma a duba tare sa'an nan a zana.

A ƙasan shafin a rubuta magana ɗaya gajera, da bakin yaron: "Na ga akuya." "Na sha fura." "Na je gidan Kaka." A karanta a hankali ana bin kalmomin da yatsa. Bayan haka sai a koma shafin jiya da na shekaranjiya a sake karantawa. Wannan bitar ita ce ƙashin bayan aikin, domin a nan ne yaro ke jin kalma ɗaya sau ashirin, tare da hotonta, ba tare da ta canza ba.

Sai babbar dabara, wato jira. A nuna hoton, a fara jimlar a tsaya: "Na ga..." sa'an nan a yi shiru ana duban yaron da sakin fuska, a ƙirga ɗaya zuwa goma a zuci. In ya ce "kuya", ko "ku", ko ya yi kukan akuya, ko ya ɗora yatsa a kan hoton, duk amsa ce, a karɓa da murna a cika masa: "E, akuya! Na ga akuya." In bai ce kome ba, a faɗi kalmar a wuce, ba tsawa ba tilas.

KOWANE YARO DA MATAKINSA

Yaron da bai fara magana ba, a tsaya a kalma ɗaya a ƙarƙashin kowane hoto: ruwa, Inna, mota. A ba shi zaɓi tsakanin abu biyu, a ce "alewa ko ganye?" ya ɗauki wanda za a manna. Zaɓin nan magana ce, domin ya faɗi abin da yake so kuma an yi masa.

Wanda ke da kalmomi ɗai-ɗai, a riƙa ƙara masa kalma ɗaya a kan tasa. Ya ce "mota", a ce "jar mota" ko "mota ta tafi", a rubuta. Kada a yi tsalle daga kalma ɗaya zuwa doguwar jimla, da rarrafe yaro kan tashi.

Wanda ke haɗa jimla, a raba masa shafi gida uku: da farko, sa'an nan, daga ƙarshe. "Da farko na je kasuwa da Baba. Sa'an nan mun sayi kifi. Daga ƙarshe mun dawo gida." Jera labari bi da bi yana daga cikin abubuwan da ke yi wa waɗannan yara wuya, shi ya sa in an tambaye su me aka yi a makaranta sai su yi shiru. Tambayoyi ma a bi su daki-daki: "mene ne" da "wane ne" da "ina ne" su ne masu sauƙi, "yaushe" da "don me" sai an yi nisa.

Game da mai maimaici kuwa, kada a ɗauki maimaicinsa a matsayin shirme. Binciken da Barry Prizant ya yi a shekarun 1980 ya nuna cewa sau da yawa yaro yana nufin wani abu da shi. Wanda ya zo ya ce "kana son ruwa?" ƙishirwa yake ji, ya ɗauko jimlar ne dunƙule kamar yadda ya saba jin ta lokacin da ake ba shi ruwa. Tun da yake haddar jimla yake yi, sai a ba shi jimlar da za ta yi masa daidai in ya maimaita. Wannan ne dalilin rubuta littafin da "na" da "ina" da "zan". Daga baya a shigo da sauran mutanen gida domin ya ji bambancin: "Baba ya ci tuwo. Inna ta ci tuwo. Na ci tuwo."

A gefen kowane shafi yana da kyau a zana fuskoki uku, mai dariya, da mai kuka, da mai fushi, yaro ya nuna wadda ta dace da yininsa. Yaron da ya samu hanyar cewa "na ji tsoro", ko da da yatsa ne, ya rage buƙatar faɗuwa ƙasa yana birgima kafin a gane shi.

SHAFIN GOBE

Yawancin rigimar yaro mai otizim tana tasowa ne daga abin da ya zo masa ba zato. Don haka in akwai aski, ko zuwa asibiti, ko tafiya, ko Salla, a yi shafinsa tun kwana biyu ko uku kafin ranar. Misali: "Gobe zan je wurin mai aski da Baba. Zan zauna a kujera. Injin aski yana ƙara. In an gama zan dawo gida in sha fura." A karanta sau da yawa, a kuma tafi da littafin wurin. Sharaɗi ɗaya ne, kada a rubuta ƙarya. In allura ce a rubuta cewa akwai zafi kaɗan, domin ranar da yaro ya gane littafin ya yaudare shi, ya daina yarda da shi ke nan.

DA WANE HARSHE?

Wasu iyaye sukan ji shawarar cewa su daina yi wa yaro Hausa, su koma Faransanci ko Turanci kaɗai, wai kada harsuna biyu su rikita shi. Binciken da aka buga daga Kanada a 2012 bai samu ƙarin jinkirin magana ba ga yara masu otizim da suka tashi cikin harsuna biyu. A rubuta littafin da harshen da ake hira da shi a tsakar gida, wanda kaka da ƴan'uwa za su iya karanta masa. Uwar da ba ta yi boko ba amma ta iya ajami, ta rubuta da ajami. Wadda ba ta iya ko ɗaya ba, ta zana ko ta manna, ta faɗi jimlar da baki, yayan yaron ɗan makaranta ya rubuta. Wannan ma wata riba ce, domin ƴan'uwa sun samu hanyar zama da ɗan'uwansu maimakon tsokanarsa.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Kada littafin ya zama jarrabawa. In kowane shafi sai an ce "mene ne wannan, faɗi mana", yaro zai guje shi kamar yadda ɗan makaranta ke gudun allon lissafi. Bayani ya fi tambaya yawa. Kada a tilasta masa kallon ido, da yawansu sun fi saurara idan idonsu na kan takarda. In kullum mota yake so a zana, a zana masa mota, ta hanyarta za a shigo da launi, da ƙirga, da babba da ƙarama, da tafi da tsaya. In ya yaga shafi a liƙe a ci gaba.

Kada kuma a riƙe hannun yaro ana rubutu sa'an nan a ce shi ya faɗa. A farkon shekarun 1990 an yayata wata hanya irin wannan a Amurka, amma da aka gwada sai aka tarar mai riƙon hannun ne ke rubutun ba tare da ya sani ba, har ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar ta yi watsi da ita a 1994. Koya wa yaro riƙon fensir daban, sanya masa magana a baki daban. In akwai farfaɗiya, ko rashin barci mai tsanani, ko yaro yana ji wa kansa ciwo, wannan aikin likita ne, littafi ba ya maye gurbinsa.

HAƘURI DA LISSAFI

A shafin ƙarshe na kayen a ware wuri na iyaye, a riƙa rubuta kowace sabuwar kalma ko alama da ranar da aka fara ganinta, da abin da ya tada rigima in an yi ta. Mai zama da yaro kullum ba ya ganin girmansa, amma in aka buɗe shafin wata uku da suka wuce, bambancin yakan fito. Ranar zuwa asibiti ko ganin malamin aji a tafi da kayen, zai yi bayanin da baki ba zai tuna ba. Tarihin otizim kansa da rubutun uba ya fara: kafin Kanner ya ga Donald Triplett, yaron da ya zama na farko a jerin nan na 11, mahaifinsa ya aika masa da wasiƙa mai shafi 33 yana bayyana halayen ɗansa dalla-dalla. Donald ya girma a garinsu Forest ta jihar Misisifi cikin mutanen da suka karɓe shi, ya yi digiri a Faransanci, ya yi aiki a banki, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Ba kowane yaro ne zai kai wannan matsayi ba. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na yara masu otizim ba sa samun magana mai yawa, kuma su hoto da nuni su ne harshensu, ya kamata a girmama shi. Amma kada a yi saurin yanke ƙauna. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2013 ya duba yara 535 waɗanda har suka cika shekara huɗu ba su iya haɗa jimla ba, aka tarar cewa daga shekara takwas zuwa sama kashi 70 cikin 100 suna haɗa gajerun jimloli, kashi 47 kuma suna magana sosai.

Kira a nan ga iyaye maza shi ne kada su bar wa mata wannan aiki su kaɗai, ko shafin ranar Juma'a ne uba ya ɗauka. Malaman makaranta kuma su karɓi kayen in yaro ya zo da shi, su ba shi minti biyu ya nuna wa ƴan ajinsu shafin jiya. Maƙwabta su kama bakinsu daga kiran yaro da sunayen banza. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya raya mana zuriya, ya ba iyayen waɗannan yara haƙuri da lada, amin.